Ƙaurar Gurbin Giyayya

Gurbin Giyayya tafki ne mai tafiya. A zamanin kakanni yana nan bayan Tungar Korau, kusa ƙwarai, har mace kan ɗora tukunya ta tura mijinta ya kamo tarwaɗar miya kafin ruwan ya tafasa. Wata shekara aka wayi gari babu shi. Ya tashi da ruwansa da kifinsa da bishiyar giyayyar da ke bakinsa, ya koma bayan tudu. Masunta suka bi shi a ƙafa. Da shekara ta zagayo ya ƙara gaba, suka bi shi a kan jakai. Daga nan sai da guzuri, har ta kai mai zuwa kamun kifi yakan bi gida-gida yana neman gafara kafin ya tashi.

Kowa ya san mai wannan aiki. Magajiyar Ruwa ce, shugabar aljanun tafkuna. Akwai tsohon alkawari tsakaninta da masunta. Kowane gida yana da gurbinsa, kuma gurbin na gidan ne muddin wani daga zuriyar ya zo ya jefa fatsa ya kama ko da kifi ɗaya kafin ruwan farko na damina ya sauka. Shi ake kira buɗe ruwa, bayansa kowa na iya shiga da komarsa ta kamun kifi. Shekarar da aka rasa mai buɗewa, gurbin ya zama na Magajiya har abada. Ba ta da ikon taɓa mai fatsa, amma alkawarin bai hana ta matsar da ruwan ba. Da haka ta cinye guraben gidaje ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura Gurbin Giyayya na gidan Korau, kuma da shi duk tungar take rayuwa.

A shekarar da wannan abu ya faru, Arzika, wanda ke zuwa buɗe ruwa, ya faɗo daga kan rumbu ya karye a cinya. 'Ya'yansa kuwa ƙanana ne. Dattawa suka taru a ƙofar gidansa suka yanke shawarar a haƙura, kowa ya nemi garin da zai koma. Suna cikin addu'ar tashi sai ƙanwarsa Ige ta fito da fatsarsa a kafaɗa, da ƙoƙon tana a hannu, ta rufe tanar da ɗanyar ƙasa. Ige mace ce mai ƙarancin magana, akwai mutanen tungar da ba su san muryarta ba.

Wani dattijo ya ce, "Ige, ina za ki da fatsar yayanki?"

"Gurbinmu, Baba."

"Bara ma da ƙyar Arzika ya kai, ya dawo ƙafafunsa duk sun tsage. Balle ke mace."

"Alkawarin cewa ya yi zuriyar Korau, ni kuwa jikar Korau ce. In an ƙara wani abu a kai ban ji ba, a faɗa mini."

Sai aka ji dariya daga baya. Tunau ne, taubashinta, ɗan goggonta, wanda ba ya iya ganinta bai tsokane ta ba. Shi ba zai iya buɗe ruwa ba, don ta wajen uba ake bin zuriya.

Ya ce, "'Yar kawu, ke da ko kasuwa sai an raka ki? Bari in ɗauko salka. Ba taimakonki zan yi ba, so nake in ga inda za ki zauna ki yi kuka, in dawo in ba da labari."

"Ɗauko, ɗan goggo. Dama jakin gidan ya tsufa."

Suka kama hanya. Suka wuce tudu, suka wuce ramukan da tafkin ya taɓa zama a shekarun baya, kowanne ya zama kwari mai ƙaya. Suka yi ta tafiya har suka iso inda Arzika ya same shi bara. Babu komai a wurin sai wani makeken rami, busasshen taɓo duk ya tsattsage. Ba sawu, ba alama.

Tunau ya sauke salka ya ce, "To, ga wurin kukan. Bismilla."

Ige ta gangara cikin ramin tana duban ƙasa. Sai ta ji murya daga ƙarƙashin ƙafarta.

"Wane ne ke taka mini rufin ɗaki babu sallama?"

Ta ja da baya ta durƙusa. "Salamu alaikum, masu gida. Ige ce, jikar Korau. A gafarce ni, ban san da kowa ba."

Taɓon ya buɗe, wata tsohuwar gaiwa ta leƙo, irin kifin nan da ke binne kansa a laka in ruwa ya janye. Idanunta ƙanana kamar ƙwayar gero.

"Wa alaikumus salam, jikar Korau. Barci nake aka tashi da tafkin aka bar ni. A ruwan nan na tsufa, amma ba wanda ya tuna ya tashe ni. Zuba mini ruwa a ka, in faɗa miki abin da na sani."

Tunau ya rungume salkar. Ige ta fizge ta, ta zuba. Gaiwa ta lumshe ido ta ce, "A ka suke ɗaukarsa, 'yan dakon Magajiya, kuma suna tafe yana ɗiga. Duk inda ya ɗiga, bado kan fito a busasshiyar ƙasa. Bi furen bado. Sannan ki kiyaye, kada igiyar fatsarki ta jiƙe a wani ruwa kafin ki isa. Wanda ya jefa a wani gurbi ya saki nasa."

"Na gode, Inna. In ɗauke ki mu tafi?"

"Bar ni nan, damina za ta same ni. Ba na bin waɗanda suka manta da ni."

Suka hau bakin ramin, sai ga furen bado fari tas a kan tsakuwa, can gaba ga wani. Suka bi su har cikin wata ƙasa mai jan yashi, inda duwatsu ke juyawa suna bin baƙo da kallo, inuwar mutum kuma takan gaji ta zauna, ta bar shi ya yi gaba. Ruwan salka ya yi ƙasa. Ige ta riƙa kurɓar kaɗan, sauran rabonta ta yayyafa a ƙoƙon tana.

Tunau ya ce, "Yanzu tsutsa ta fi ni daraja a wurinki?"

"Ita aiki ke jiranta a can. Kai fa?"

"Ni ne mai ɗaukar gawarki."

A tsakiyar yashin sai ga wani tafki shuɗi, giwan ruwa na tsalle a ciki, kowanne ya kai girman maraƙi. Wani tsoho mai koren rawani na zaune a bakinsa. Ya miƙe ya buɗe hannuwa.

"Maraba da masu nisan tafiya. Ya ke 'yar masunta, me ya raba ki da gida haka? Ga ruwa babu mai shi. Jefa sau ɗaya, ki ciyar da tungarku har wata damina."

Tunau ya haɗiye yawu. "Ige, dubi wancan. Wallahi tun da aka haife ni ban taɓa ganin irinsa ba."

Ige ta rusuna ta ce, "Sannu da hutawa, Baba. Ruwanka ya yi kyau, Allah ya ba shi mai shi. Ni ina da nawa."

"Naki ƙananan karfasa ne, kuma ya yi nisan da ba za ki kai ba."

"Karfasar kakana ce."

Ta ƙara naɗe igiyar a jikin sanda ta wuce. Da Tunau ya waiwaya, babu tafki babu tsoho, sai wani ƙadangare mai koren kai yana gyaɗa musu kai cikin haushi.

Bayan yashi suka shiga wani kurmi. Tun daga bakinsa aka shanya taru a kan rassa, taru guda, ba a ganin farkonsa balle ƙarshensa, kuma duk jikinsa huji ne. A ƙarƙashinsa mutane ne zaune jeri-jeri, kowa da zare a hannu, kansa a sunkuye. Wasu gemunsu ya kai ƙasa. Akwai wanda kurciya ta yi sheƙa a hularsa. A cikinsu Ige ta gane Baba Nomau, maƙwabcinsu da ya tafi buɗe gurbin gidansu tun tana yarinya, har aka yi zaman makokinsa.

"Baba Nomau! Kai ne?"

Bai ɗago ba. "Yanzu zan tashi, 'yata. Ido ɗaya ya rage in ƙulla."

Duk wanda ta yi wa magana amsar ke nan. Nan ta gane tarkon. Masunci ba ya iya wuce yagaggen taru bai sa hannu ba, ko da na maƙiyinsa ne. Ita kanta yatsunta suka fara ƙaiƙayi, sai ta soke fatsar a bayan zaninta, ta ɗora ƙoƙon a ka ta riƙe shi da hannu biyu. Ta juya za ta gargaɗi Tunau, ta tarar ya riga ya zauna, da zare a baki.

"Tashi, ɗan goggo!"

"Dubi yadda wani rago ya ƙulla nan, abin kunya. Bari in gyara wannan kawai."

Ta ja shi, kamar ta ja kututture. Ta kira shi da duk sunayen da ya tsana, ko motsi bai yi ba. Ta cikin rassa ta hango gabas ta fara yin duhu.

Sai Ige ta ajiye ƙoƙon, ta zaro wuƙar feɗe kifi, ta yi abin da ba a taɓa jin 'yar masunta ta yi ba. Ta kama tarun daidai inda ƙullin ya fi kyau, ta keta shi daga sama har ƙasa. Ta bi jerin a guje tana yanka, tana tattaka aikinsu da ƙafa.

Kurmin ya ɗauki ihu. "Wace 'yar banza ce wannan? Ku kama ta!" Tsofaffin suka miƙe, gwiwoyi na ƙara, suka bi ta da sanduna, Tunau a gaba yana rantsuwa yau sai ya karya ta. Ta suri ƙoƙonta ta ruga, ba ta tsaya ba sai da ta fita daga inuwar kurmin. Suna fitowa rana ta doke su, sai suka tsaya cirko-cirko, kowa na duban gemunsa.

Baba Nomau ya saki sandarsa ya ce a hankali, "Gurbina fa?"

"Ya tafi, Baba. Na kowa ya tafi, saura namu. In kuna da sauran ƙafa ku biyo ni."

Tunau yana haki ya ce, "Duk da haka ba a yanka taru, 'yar kawu. Rashin tarbiyya ne."

"In mun koma ka kai ƙarata."

Furen bado ya kai su wani fili mai faɗi inda sama ta sunkuyo har kamar a taɓa ta da hannu. Ga tafkuna jere kamar ƙoren nono a kasuwa, duk guraben da aka ƙwace. Tsofaffin suka riƙa nuna nasu suna share hawaye. Can ƙarshe ga Gurbin Giyayya da bishiyarsa. A kewayensa aljanu ne kwance, dogaye, ramammu, kawunansu duk sun yi sanƙo, wuyansu ya lanƙwashe. 'Yan dakon ke nan.

Ruwan ya dare biyu, Magajiya ta fito a kan wani farin kada, gashinta na zuba kamar ruwan indararo, kwaɗi na yi mata kirari.

"Wace ce ta yanka mini taru, ta kunyata mini mai koren rawani?"

"Ranki ya daɗe, Ige ce, jikar Korau. Na zo buɗe ruwanmu."

"Ya ke jikar Korau, na ga kakanki, na ga ubanki, na ga yayanki, kowanne ya iso gabana ya fi na baya rama. Ku ba ku gajiya ne? Saurara ki ji. Yau zan sa a mayar da tafkin nan bayan tungarku, inda yake tun farko, ku yi ta kamun kifi rani da damina. Abu ɗaya nake so. Ki karya fatsar nan, ki ce da bakinki ruwan nawa ne, aro na ba ku."

Tsofaffin suka fara gunaguni. Wani ya ce, "Karɓi, yarinya. Wa zai ƙara wannan tafiya?" Tunau ya matso ya rage murya. "Ige, ba wasa nake ba yanzu. Ki tuna ƙafar Arzika. Ki tuna yaran."

Ige ta dubi fatsar da ke hannunta. Sannan ta ɗago ta ce, "Ranki ya daɗe, in aro ne, yaushe za ki karɓi abinki?"

"Ranar da na so."

"To a ranar nan 'ya'yan Arzika ba su da fatsa, ba su da alkawari, ko hanya ma ba su sani ba. Na gode da tayi. A matsa mini in jefa."

Fuskar Magajiya ta yi baƙi kamar hadarin da ya taso a bayanta. Iska ta fara kaɗawa da ƙamshin ƙasa.

"Taɓa ki ba zan yi ba, alkawari ya hana. Amma ku, ku ɗauka!"

'Yan dako suka tashi suna nishi, kowa ya ɗora gammonsa, suka cusa kawuna a ƙarƙashin gaɓa, suka ɗaga tafkin gaba ɗaya da ƙasarsa kamar akushi, da Magajiya da kadanta a ciki, suka fara sassarfa da shi. Ige ta bi su a guje. Saiwoyin giyayya na reto a baya suna sharar ƙasa. Ta kama bakin ƙoƙon da haƙora, ta yi tsalle ta cafke saiwa ɗaya. Tunau ya sa kafaɗa ya tura ƙafarta sama, ya faɗi rub da ciki. Ta yi ta hawa, ƙasa na zubo mata a ido, har ta kai gaɓa, ta haye reshen giyayya ta zauna. Ta zaɓi tana mafi ƙiba ta soka a ƙugiya, ta ce bismillahi, ta jefa.

Magajiya ta daka tsawa. "Duk kifin da ya taɓa ƙugiyar nan, ni da shi!"

Ruwan ya yi tsit. Tafki na tangaɗi, reshe na lilo da ita, sama na rugugi. Ige ta matse reshen da ƙafafu, ta riƙe sanda, tana ɗan girgiza igiyar yadda ta ga ubanta na yi. Iska ta ƙara sanyi. Can sai igiyar ta miƙe. Ta fizgo. Wani ɗan ƙurungu ne, bai kai tafin hannu ba, yana ta gurnani irin nasu.

Ƙurungun ya dubi Magajiya ya ce, "Ranki ya daɗe, a yi mini afuwa. Tun da aka fara yawo da mu babu abin da ke faɗowa ruwan nan. Kuma tanar da ranta."

Ige ta ɗaga shi sama don kowa ya gani, ta buɗe muryar da ko ita ba ta san tana da ita ba. "Na buɗe ruwan gidan Korau! Ku shaida!"

Daga ƙasa tsofaffin suka amsa, "Mun shaida!" Ba su rufe baki ba ɗigon farko ya faɗo a goshinta, ruwa ya kece.

Magajiya ta ce, "Kin ci bana. Baɗi zan kai shi bayan inda rana ke faɗuwa, inda ko tsuntsu bai taɓa zuwa ba."

Ige ta leƙa ƙasa ta yi magana da 'yan dako, waɗanda ƙafafunsu ke rawa a cikin taɓo.

"Sannunku da aiki, bayin Allah. Kun dai ji inda za ku baɗi. Ni sanda ɗaya nake ɗauka da ƙoƙo, kuma zan zo. In na mutu wani zai zo. Ku kuwa tafki ne a kanku, ga ruwan sama na ƙara masa nauyi. Ku duba wa zai riga gajiya."

'Yan dako suka dubi juna. Can babbansu, wani tsohon aljani mai wuya kamar lauje, ya ce, "Ku sauke." Suka dire tafkin, ƙasa ta girgiza. Ya cire gammonsa ya ajiye a gaban Magajiya, ya rusuna.

"Ranki ya daɗe, tun muna da gashi muke wannan dako, kullum ana ce mana gidan nan sun kusa haƙura. Yau mun ji da kunnenmu. Ga gammo. In za a ƙara matsar da shi, sai dai ki ɗauka da kanki."

Sauran ma suka zubar da nasu, suka miƙe ƙafafu a cikin ruwan sama. Magajiya ta dube su, ta dubi Ige a kan reshe, ta nutse ba sallama.

Tafkin bai ƙara gaba ba daga ranar. Bai kuma koma Tungar Korau ba, don babu mai ɗaukarsa ya mayar. Tsofaffin suka tuɓe riguna suka shiga, suna lalube da hannu suna dariya kamar yara. Ige ta sauko ta zauna a gindin giyayya tana tsotsar yatsan da ƙayar ƙurungu ta soka. Tunau ya zo ya tsaya a kanta, duk jikinsa taɓo, yana duban hanyar da suka fito.

"Kin dai san abin da kika yi? Kowace shekara sai an zo har nan. Da kin ce aro, da tafkin ya riga mu gida."

"Na sani."

"Wa kike tsammani zai ƙara biyo ki wannan uwar tafiya?"

"Baɗi da 'ya'yan Arzika zan zo, su koyi hanya. Ƙaramin a kafaɗarka zai zo."

Tunau ya ce, "Allah ya isa tsakanina da gidan kawu." Sannan ya cire riga ya faɗa ruwa.